Jawabi ga Mai Fargabar Ƙetare Kogi



Tun da aka rufe gadar Malanbil da Gaya a 2023, jama'a da yawa suka koma ƙetare kogin Isa a kwale-kwale. A cikinmu akwai wanda da zarar ya ga ruwa sai zuciya ta hau bugawa, gumi ya keto, numfashi ya sarƙe. Wannan ba ragwanci ba ne; firgici ne, kuma yakan lafa cikin mintoci.

Idan kai ne, tsara tafiyarka tun daga gida. Ƙetare da hantsi, kada ka kai dare ko lokacin hadari. Jirgin da aka maƙare da buhuna, bar shi ya wuce. Nemi rigar ceto, ka zauna tsakiya kusa da wanda ka amince da shi. Ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali. Kada ka sha tramadol don neman ƙarfin zuciya.

Idan ciwon ƙirji bai lafa ba bayan an sauka, garzaya likita.

Allah Ya kai mu lafiya.