Masu Shara da Wanki a Asibiti: Haƙƙinsu a Lokacin Yaƙi

(Laccar da aka gabatar gaban jama'a a unguwar Nasarawo, Gombe)



Mutanen Gombe ba sa buƙatar a ba su labarin yaƙi. A ranar 22 ga Disamba 2014 bam ya tashi a tashar Dukku. A ranar 16 ga Yuli 2015, jajiberin ƙaramar Sallah, tagwayen bama-bamai sun tashi a babbar kasuwa, mutane kusan 50 suka rasu. Ba a yi mako guda ba aka sake kai hari tashar Dadin Kowa da ta Dukku. Waɗanda suka jikkata an kwashe su zuwa Asibitin Ƙwararru na Jiha da Asibitin Koyarwa na Tarayya. An yaba wa likitoci da nas-nas, kuma sun cancanta. Amma akwai waɗanda ba a cika ambato ba: masu shara, masu wanki, masu dafa abinci, masu tura gadon majinyata da ma'aikatan ɗakin ajiye gawa.

A irin wannan rana, likita ba ya fara tiyata ta biyu sai an wanke jinin ta farko. Zanen gado sai an wanke shi an dafa kafin a shimfiɗa wa wani. Allurar da aka yi amfani da ita, mai shara ce ke kwashe ta, kuma idan ta soke ta, tana iya ɗaukar ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki. Haɗarin da ke kan nas yana kanta, sau da yawa ma babu safar hannu mai kauri, babu takalmin roba.

To, me ake biyan ta? A 2015 mafi ƙarancin albashi Naira 18,000 ne, bisa dokar 2011. Ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Alawus na haɗari kuwa ya daɗe a kan Naira 5,000 a wata, sai a ƙarshen 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙara shi. Sai dai a aikace, wanda sunansa ke cikin takardar albashin gwamnati ne ya fi cin moriyar wannan lissafi. Tun zamanin Shugaba Obasanjo aka cire ƙananan ayyuka irin su shara da gadi daga aikin Gwamnatin Tarayya, aka miƙa su ga 'yan kwangila. Daga nan mai shara ta zama ma'aikaciyar kamfani. Idan kuɗin kwangila ya makara, albashinta ya makara. Yawancinsu ba su da fansho, ba su da inshorar lafiya, ba su da ƙungiyar da za ta tsaya musu. Wadda ta yi ƙorafi, sai a ce mata akwai mutum goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinta.

Dokar duniya ta riga mu gane matsayinsu. Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta ba da kariya ga duk wanda aikinsa shi ne tafiyar da asibiti a lokacin yaƙi, kuma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya jaddada kare ma'aikatan lafiya a ƙuduri mai lamba 2286 na 2016. Idan dokar yaƙi ta lissafa su cikin ma'aikatan asibiti, da wace hujja takardar albashi za ta fitar da su? Addininmu ma ya yi umarni da a biya ɗan ƙwadago haƙƙinsa ba tare da jinkiri ba.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema. A rubuta mafi ƙarancin albashi da ranar biya a cikin kowace kwangilar shara, kamfanin da ya saɓa a ƙwace ta. A ba duk mai taɓa jini ko gawa alawus na haɗari, ko wane ne ya ɗauke shi aiki. A yi musu rigakafin ciwon hanta kyauta, a wadata su da kayan kariya. Ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta MHWUN kuma ta buɗe musu ƙofa.

Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah maƙwabtanmu ne, wasu zawarawa ne masu riƙe da marayu. Kansilanmu da 'yan majalisarmu sun san gidajenmu lokacin zaɓe, mu ma mu san ofisoshinsu da wannan magana.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.