Itace Da Ruwa Da Talaka A Ƙasar Jibiya

Lacca ga ma'aikatan masarautar Katsina, domin tunawa da aikin En'e

Abin da wannan lacca ta ɗauko shi ne zancen ƙasar Jibiya, watau Farfaru da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita a bakin iyaka. An zaɓi wannan wuri ne domin a can ake saurin ganin amfanin doka ko ɓarnarta, gama manomin bakin iyaka yana iya leƙa gonar ɗan'uwansa da ke ƙarƙashin wata hukuma dabam, ya gwada ya ga wadda ta fi.

Kowa ya sani En'e ta shuɗe. A 1976 aka rushe ta, ƙananan hukumomi suka maye gurbinta. Amma bukatun da aka kafa ta dominsu suna nan yadda suke. A Katsina aka fara Baitulmali, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, daga cikinsa kuwa aka riƙa biyan malamin daji da malamin asibiti da masu gyaran hanya. Hanyar tunawa da waɗannan mutane ita ce a duba abin da shekaru suka koyar game da aikinsu. Abin da suka koyar kuwa guda ne: dokar da talaka bai ga rabonsa a cikinta ba, ba ta tsare itace, ba ta tsare ruwa, ba ta tsare rai.

Yadda ƙasar take

Jibiya tana kusan mil 30 yamma da birnin Katsina, a kan hanyar Maraɗi. Gulbin Gada ya taso daga cikin ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shiga Nijar, inda ake ce masa Gulbin Maraɗi. Ya wuce Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkato ya sake shigowa Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Mutanen da ke bakinsa, sama da ƙasa, dangi ne. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, tsohon gidan sarautar Katsina ya koma arewa ya zauna a Maraɗi, har yanzu kuwa Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can.

Iyakar da ta raba su Turawa ne suka shata ta. Tsakanin 1906 da 1908, Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ta da ma'aikatansu, suka kafa turaku 148 daga Kwara zuwa tafkin Cadi. Tun daga ran nan aka sami ƙasa iri ɗaya, ruwan sama iri ɗaya, gero da dawa da wake iri ɗaya, amma doka biyu.

Zancen itace

A 1935 wani shaihun malamin daji na Ingila, Stebbing, ya rubuta cewa hamada tana gangarowa kudu za ta cinye gonakin Hausa. Maganar ta tsorata gwamnatocin biyu, har suka naɗa ƙungiyar masana, Ingilishi da Faransawa, suka bi bakin iyakar nan daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Da suka komo suka ce ba su ga rairayin Sahara yana tafiya ba. Ɓarnar da suka gani ta hannun mutane ce, watau sassabe da sara da ƙone daji, tun da jama'a ta ƙaru, gonaki suna ta yaɗuwa.

Maganin da hukumomin biyu suka ɗauko shi ne hani. A ƙasar Ingilishi En'e-En'e suka keɓe gandun daji, suka sa waɗansu itatuwa cikin tsaro, ba a sara sai da takardar izini. A ƙasar Faransi dokar daji ta 1935 ta ɗora hannun hukuma a kan itatuwa, mai sara ba izini ya sha tara. Niyyar mai kyau ce, gandun daji kuwa sun yi amfani, sun tsare kurmi da makiyaya shekaru masu yawa. Amma a cikin gona abin ya juye. Manomi ya lura itacen da ya girma a gonarsa ya zama na hukuma, in ya sare reshe zai gamu da malamin daji. Saboda haka sai ya riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami, kafin ya zama abin shari'a. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, suka tarar da gonakin arewa tsirara, iska tana binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka biyu ko uku a damina guda.

To, a ƙasar Maraɗi ne aka ga mafita. A wajen 1983 wani Bature mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, saiwarsu tana ƙasa, kowace shekara suna toho ana sarewa. Ya shawarci manoma su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture su bari, su datse sauran. Mutanen can suka sa wa abin suna sassabin zamani. Dabarar ba ta bukatar kuɗi ko ban ruwa, wuƙa da gatari sun isa. Amma ba ta bazu ba sai da ma'aikatan daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ya yi makamashi da shi, ya ciyar da dabbobinsa, ya sayar in ya so. A 2004 Nijar ta sake dokar dajinta. Masu bincike da suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama sun ƙiyasta cewa gonaki wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, kimanin itace miliyan 200.

Cikin itatuwan nan gawo ne babba. Shi ne yake zubar da ganye da damina, ya bar rana ta sami shuka, ya yi ganye da rani sa'ad da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Ganyensa da kashin dabbobin da ke kwana ƙarƙashinsa su ne takin wurin, shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili. Manomin Farfaru ya san wannan tun kaka da kakanni. Abin da yake so ya ji daga bakin hukuma shi ne, itacen na wane ne.

Zancen ruwa

A wajen 1990 Gwamnatin Tarayya ta gama gina madatsar ruwa a kan gulbin Gada kusa da Jibiya. Tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 142, an kuwa tsara ta shayar da gonaki wajen hekta 3,500 na noman rani, ta kuma ba gari ruwan sha. Aiki ne babba. Amma mafi yawan filin an tsara shi ne a kan sai injuna sun ɗaga ruwan kafin ya gangara cikin gonaki. Inji yana cin mai, yana son gyara, manomin da ke da rabin hekta kuwa ba shi da ikon ɗaukar wannan nauyi. Saboda haka shekaru da dama bayan gama ginin, ɗan yankin da ruwa ke gangarawa da kansa ne ya fi samun noma, sauran fili yana kallon tafki cike, shi kuwa a bushe. Da an zauna da manoma tun farko an tambaya wa zai sayi mai, wa zai share magudana, nawa kowa zai iya biya bayan girbi, da lissafin ya fito tun kafin a zuba kuɗi.

Akwai kuma mutanen ƙasa. Fadamun Maraɗi da ambaliyar gulbin nan suke rayuwa, ita ke jiƙa ƙasa, ita ke cika rijiyoyin lambu. Da aka tare ruwa a sama, manoman can suka yi kukan ambaliyar ta ragu. Tun 1971 ƙasashen biyu suke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, a ran 18 ga Yuli 1990 kuwa suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci. Gulbin Gada yana cikin ruwaye huɗu da aka ambata. Takarda ta yi kyau, amma mai lambu ba ya ban ruwa da takarda. Abin da zai amfane shi shi ne ya san ranar da za a saki ruwa da ranar da za a rufe, na sama da na ƙasa duka, sanarwar nan kuwa ta bakin hakimi da dagaci ta fi saurin isa.

Zancen mazauni

Ruwan da aka rasa da rani shi ne ke kisa da damina. A 1945 gulbi ya cika ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har hukuma ta tashi garin ta mai da shi kan tudu, inda yake yanzu. Shekara 73 bayan haka, a daren 15 ga Yuli 2018, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jibiya, ya shiga unguwannin da ke kusa da hanyar ruwa mutane suna barci. Fiye da mutum 40 suka rasu, gidaje ɗaruruwa suka rushe, dabbobi suka halaka, har aka tsamo waɗansu gawawwakin a cikin ƙasar Nijar.

Babu tsohon gari da bai san inda ruwa ke bi ba. Amma gari yana girma, baƙi suna zuwa, waɗanda fitinar 'yan bindiga ta kora daga ƙauyukan gefen dajin Rugu suna neman wurin sa kai, filin kwari kuwa shi ne mai araha. A ce wa talaka kada ya yi gini a kwari, ba a nuna masa fili a tudu ba, ba a kai rijiya da makaranta can ba, daidai yake da hana shi sara ba a ba shi itace ba. Zai amsa da to, da dare kuwa ya koma.

Umurnin da ke zuwa daga nesa

A watan Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa domin hana fasa-ƙwauri, a watan Nuwamba kuma ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. Kowane umurni yana da dalilinsa, ba kuwa aikin ma'aikacin masarauta ba ne ya ƙi shi. Amma mai lambun da injin ban ruwansa ya tsaya don rashin mai, da mai wake da ya rasa masu saye daga Maraɗi, ba su yi fasa-ƙwauri ba, sun kuwa biya kuɗin laifin. In ba a rubuta hasararsu an aika sama ba, wanda ya yi umurnin ba zai taɓa sanin nauyinsa ba.

Abin da ya rage a hannun ma'aikaci

Hakimin yau ba shi da kotu, ba shi da 'yan doka, ba shi da Baitulmali. Tun dokar filaye ta 1978 ikon ba da filin karkara yana hannun ƙaramar hukuma da Gwamna. Amma abu biyu sun rage masa waɗanda babu ofishin da ke da su: sanin ƙasa, da kunnen talakawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ga abin da ya kamata. Na fari, a komo da rangadi yadda magabata suka yi shi, a kwana a ƙauye, a ji ta bakin manomi da makiyayi da matan da ke neman itacen girki, kafin a zana kowane shiri. Na biyu, malamin daji ya bayyana wa jama'a a fili, a gaban dagaci, abin da doka ta hana da abin da ta bari, hakimai kuma su nemi hukuma ta tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya rena a gonarsa. Na uku, kowane dagaci ya riƙe littafi da aka rubuta burtali da mashaya da hanyoyin ruwa na ƙasarsa, ya ƙi sa hannu a cinikin filin da ya hau kansu, ko wane ne mai saye. Na huɗu, a riƙe zumunci da sarakunan ƙetaren iyaka, domin labarin ruwa da na fari da na ɓarayin shanu ya riƙa wucewa da wuri. Na biyar, a rubuta rahoto na gaskiya, ko da ba zai yi wa na sama daɗi ba.

Wannan na ƙarshe ya fi sauran gaggawa, gama a watan Fabrairu 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, an kuwa shata ta bi ta Katsina da Jibiya. Hanya irin wannan tana cin gonaki, tana datse burtali, tana sauya inda ruwan damina ke bi, tana kuma jawo sababbin unguwanni. Ma'aikacin da ya san ƙasarsa, ya faɗi abin da ya sani tun ƙasa tana ɗanya, shi ne ya riƙe amanar waɗanda ake tunawa da su a wannan littafi.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Jibiya lafiya. Haza wasalam.