JAWABIN JUBILI: KATAKO ƊAYA, FUSKA BIYU

 Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya riƙe wannan ikilisiya shekara 50, ya kuma bar mu da rai muka ga wannan rana.

Kan maganar da aka ba mu shi ne hadaya da tashin matattu. Za mu shiga cikinta ta wata ƙofa da ba mu saba bi ba, wato ta wani zane. Mun sani yawancin majami'unmu ba su da kome a bango sai gicciye da allon lambobin waƙa, kuma ba mu durƙusa wa aikin hannun mutum. Amma zane yana iya zama darasi, kamar hotunan da malaman makarantar Lahadi ke ɗaga wa yaranmu.

A yankin Alsas na ƙasar Faransa akwai wani ƙauye mai suna Isenheim. A can 'yan zuhudu na ƙungiyar Antoni Mai Tsarki suka yi asibiti, suna jiyyar masu wata muguwar cuta da ake kira wutar Antoni. Cutar tana zuwa ne daga wani abu da ke kama hatsin da talakawa ke yin burodi da shi, kamar yadda burtuntuna ke kama dawa, ko da yake mutanen zamanin ba su gane haka ba. Wanda ya kamu yakan ji hannuwa da ƙafafu suna ƙuna kamar an sa su a wuta, yatsu su yi baƙi su ruɓe, wani lokaci sai an yanke. Domin majami'ar wannan asibiti ne wani mai zane, Matiyas Grunewald, ya yi babban zane a kan katako tsakanin 1512 da 1516. Yanzu yana gidan adana kayan tarihi na Unterlinden a birnin Colmar.

An yi shi ne da ƙyamare, ana buɗewa ana rufewa. A ranakun da ba na idi ba yana rufe, abin da majiyyata ke gani kuwa shi ne Yesu a kan gicciye. Ba irin hoton kalandar nan ba ne mai fuska sumul. Sama ta yi baƙi ƙirin. Jikin Ubangiji ya cika da miyaku da tsinin ƙaya, fatarsa ta sāke launi, yatsunsa sun ƙage suna duban sama, nauyinsa har ya lanƙwasa itacen. Maryamu uwarsa ta some a hannun almajiri Yohanna, Maryamu Magadaliya tana durƙushe da tulun mai a gefenta. Mutumin da ƙafarsa ke ruɓewa in ya ɗaga ido sai ya ga Mai Ceto da fata irin tasa. Ba a ce masa rashin bangaskiya ne ya kwantar da shi ba. An nuna masa abin da Ishaya sura 53 ta faɗa tun da daɗewa game da wanda ya ɗauki cututtukanmu.

Wannan bai kamata ya zama baƙon abu a gare mu ba. Da yawa daga cikin masu bi na farko a ƙasar Hausa sun ji bishara ne a asibitocin masu cutar kuturta, irin su Amanawa, Babbar Ruga da Yadakunya. Mutanen da 'yan'uwansu suka ware musu ƙwarya, su ne suka koyi karatun Littafi Mai Tsarki suna juya shafi da guntayen yatsu. Saboda haka idan muka ji ana wa'azi cewa wanda ke cikin Almasihu ba ya ciwo, ba ya talauci, sai mu tambaya: to iyayen nan namu fa, a wajen wa suke?

A ɗaya gefen gicciyen mai zanen ya tsayar da Yohanna Mai Baftisma. Mai karanta Bishara ya san Hirudus ya riga ya fille masa kai kafin ranar nan, kuma Grunewald ma ya sani. Da gangan ya sa shi. Yana tsaye ba kuka, ya miƙa dogon yatsa yana nuna wanda aka gicciye, kusa da shi an rubuta maganarsa ta Yohanna 3:30, a ƙafarsa kuma ga ɗan rago jininsa na zuba cikin ƙoƙo. Babban malamin tauhidin nan Karl Barth ya rataye hoton wannan zane a saman teburinsa shekaru da yawa saboda yatsan nan. Aikin ikilisiya ke nan. A cikin wannan littafi na biki akwai hotunan gine-gine da na shugabanni, kuma ya dace. Amma waɗanda suka kwaɓa ƙasar ginin farko, da matan da suka ɗauko ruwa a ka, da masu bisharar da suka yi ta yawo a keke ba albashin kirki, ba don a buga hotonsu suka yi ba. Yatsa ne suka miƙa.

A ranakun idi sai a buɗe ƙyamaren. Gicciyen ya rabu biyu, sai ga haske. A hannun dama Yesu ya fito daga kabari yana tashi sama, sojoji masu gadi sun zube da kayan yaƙinsu, likkafanin yana biye da shi yana canja launi daga fari zuwa ja da ruwan zinariya, fuskarsa tana narkewa cikin haske kamar rana. Jikin da ya cika da miyaku ya zama garau. Abin lura a nan shi ne, an zana tashin ne a bayan katakon da ke ɗauke da rabin zanen gicciye. Ba za ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya ba.

Sa'an nan ya ɗaga tafin hannuwansa duka biyu, ga kuma gurbin ƙusoshi suna nan suna haske. Haka Toma ya same su bayan kwana takwas, haka kuma Yohanna ya ga Ɗan Ragon a Ru'ya sura 5, yana tsaye da alamar yanka a jikinsa. Tashin matattu bai share tabo ba. A cikinmu akwai gwauraye, akwai marayu, akwai waɗanda aka ƙona wa gida ko shago a lokutan tashin hankali, akwai waɗanda danginsu suka juya musu baya saboda sunan Yesu. Kada wani ya ce musu su ɓoye wannan domin yau ranar murna ce. Su zo da shi gaban Ubangiji yadda yake, gama Manzo Bulus ya nuna mana a 1 Korintiyawa 15 cewa jikin nan da ake binnewa da rauni, shi ne za a tasar da iko.

Yau an buɗe mana ƙyamare: ga ankon zumuntar mata, ga sababbin waƙoƙi, ga shinkafa tana kan wuta. Amma akwai 'yan'uwanmu da har yanzu nasu a rufe yake, suna kwance a ɗaka ko a gadon asibiti, wasunsu kuwa suna cikin waɗanda suka aza harsashin wannan majami'a. Roƙonmu ga kwamitin biki shi ne, kafin a zuba wa manyan baƙi abinci, a fara cire nasu. Kowace unguwa ta ba sakataren ikilisiya sunayen waɗanda ba su iya zuwa ba, dattawa da matasa kuma su rarrabu su kai musu kafin rana ta faɗi, tare da wannan littafi, a zauna a karanta musu, a yi addu'a.

 Ubangiji ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.