LISSAFI A JARRABAWAR SHIGA SAKANDARE: JAWABIN KWAMITIN ILMI A BABBAN TARON ƘUNGIYA NA SHEKARA-SHEKARA



     

Uwar ƙungiya ta ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya yi bayani a kan yadda za a shirya yaranmu na firamare su fuskanci darasin lissafi a jarrabawar shiga sakandare, wadda duk muka fi sani da kwaman entirans. Mun karɓi aikin da hannu biyu, domin da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, likita ne ko injiniya ko akanta, ta wannan ƙofar suka bi suka fita daga gida.

Jarrabawar iri biyu ce. Akwai wadda jihohi ke shiryawa domin makarantunsu, akwai kuma ta ƙasa baki ɗaya da ake yi domin shiga kwalejojin Gwamnatin Tarayya, wadda ke hannun hukumar NECO, hukumar da aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna. Waɗannan kwalejoji sun haura ɗari, kuma ba nesa suke da mu ba: akwai ta Sakkwato, wadda tana cikin ukun farko da aka buɗe a 1966, akwai ta Kano da Kaduna da Daura da Birnin Yauri, ga kuma na 'yan mata a Kazaure da Bakori da Minjibir da Gusau. A jarrabawar ta ƙasa lissafi yakan fito wa yaro sau biyu, sau ɗaya a matsayin darasin da aka koya masa a aji, sau ɗaya kuma a matsayin gwajin basira, inda za a jera masa lambobi a cikin akwatuna ko da'irori a ce ya gano ƙa'idar da ta haɗa su. Duk tambayoyin da Turanci suke, kuma yaro ba ya rubuta aikinsa malami ya gani. Harafin amsa kawai zai zaɓa ya cike gurbinsa da fensir, na'ura ta duba.

Akwai wani lamari da bai kamata mu manta da shi ba. A shekarar 2013 jaridu sun buga mafi ƙarancin makin da aka yanka wa kowace jiha domin shiga waɗannan kwalejoji. An nemi yaron jihar Anambra ya kawo maki 139 cikin 200, alhali a jihar Zamfara an tsaya a kan maki 4 ga maza, 2 ga mata. An yi ta cece-ku-ce a kan adalcin wannan tsari, mu dai ba wannan ya kawo mu ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne, a jarrabawar da ake zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu ko biyar, yaron da bai karanta tambaya ko ɗaya ba, ya yi canki-canka daga farko har ƙarshe, ana sa ran ya tashi da kimanin maki 40 zuwa 50. Ashe ke nan wanda ya samu 4 ba rashin lissafi kaɗai ke damunsa ba; ko dai bai san yadda ake cike takardar ba, ko ya zauna yana kallonta har lokaci ya ƙare. Kuma sassaucin maki ba gata ba ne. Yaron da ya shiga ta wannan hanya zai zauna aji ɗaya da wanda ya kawo 139, malami ɗaya, allo ɗaya, kuma babu wanda zai jira shi.

Muna godiya ga rassanmu da suka saba aiko da littattafan tambayoyin shekarun baya, Allah ya saka da alheri. Masana harkar koyo sun tabbatar da cewa yaron da ake yawan yi wa tambaya yana lalubo amsa da kansa ya fi riƙe karatu a kan wanda ke maimaita karanta shafi, kuma mu da muka yi tilawa a makarantar allo ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan haka. To amma littafin tambayoyi ba malami ba ne. A bayansa akwai jerin amsoshi, kuma yaro mai wayo ba ya ɗaukar mako guda kafin ya gano su. Sai ya haddace cewa ta ɗaya B ce, ta biyu D ce, a zo gwaji ya cinye duka, kowa ya yi murna, ranar jarrabawa kuwa a canza lambobin ya tsaya cik. Amfanin tambayar gwaji yana wajen dubawa, lokacin da wani babba ya zauna ya kalli amsar da yaro ya faɗi, ya tambayi kansa ta wace hanya yaron nan ya bi har ya iso nan.

Bari mu kawo misali, domin a nan ne gundarin maganar take. An ce yaro ya ɗebe 178 daga 402. Amsa ita ce 224. Idan ya rubuta 376, kada a ce masa daƙiƙi, domin aiki ya yi, kuma bisa ƙa'ida ya yi shi, sai dai ƙa'idar ce ba daidai ba: a kowane layi ya cire ƙaramar lamba daga babba, 2 daga 8, sifiri daga 7, 1 daga 4. Wannan yaro bai fahimci aro daga gidan goma da gidan ɗari ba. Ko an ba shi tambayoyi ɗari biyar irin wannan, kuskure ɗaya zai maimaita sau ɗari biyar, ya ƙara zama masa jiki. Maganinsa rabin awa ne da tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma, ko takardun Naira ɗari da na Naira goma, ya ga da idonsa yadda ake canja ɗari guda ta koma goma-goma.

Haka nan idan aka ce ya haɗa 1/2 da 1/3, ya kawo 2/5. Ya tara na sama, ya tara na ƙasa. Amsar gaskiya 5/6 ce, kuma ku tabbata masu shirya jarrabawa sun san da wannan tuntuɓe, shi ya sa za ku tarar da 2/5 zaune cikin amsoshin tana jiran mai rabo. Abin mamaki, kalmomin nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, da su malamanmu ke raba gado tun kafin zuwan boko, kuma kowane manomi ya san ushurin da ake fitarwa daga amfanin gona. Yaron da aka yanka wa rake gaɓa shida, aka ce ya ɗauki rabi, wato uku, ya ƙara sulusi, wato biyu, zai ga biyar cikin shida a hannunsa, kuma da wuya ya sake yarda cewa rabi da ƙari a kansa zai koma ƙasa da rabi. Irin wannan ne kuma yaron da ke ganin 0.25 ta fi 0.5 girma saboda 25 ta fi 5, har sai an mayar masa da su kwabo 25 da kwabo 50. Ko wanda aka ce an sayi kaya Naira 400 an sayar Naira 500, ya ce ribar kashi 20 ce cikin ɗari, domin ya auna ta da kuɗin sayarwa maimakon uwar kuɗi. Amsar kashi 25 ce.

Sai dai babban dutsen da ke tare wa yaranmu hanya shi ne harshe. A 1985 wasu masana suka buga binciken da suka yi a birnin Recife na ƙasar Barazil a kan yara masu talla. Sun tarar da yaran nan suna ciniki suna ba da canji kusan babu kuskure, amma da aka rubuta musu lissafin nan dai a takarda irin ta makaranta sai yawancinsu suka kasa. Ba sai mun je Barazil ba. Yarinyar da ke tallan gyaɗa a tasharmu ba a cutar ta ko na sisi, ita ce kuma ake ce wa ba ta da kan lissafi a aji. Idan tambaya ta ce a nemo "product" na 6 da 4, yaron da bai san kalmar ba tarawa zai yi ya kawo 10 maimakon 24, alhali ya san shida sau huɗu sarai. Manufar ilmi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a koyar da harshen gida a shekaru ukun farko. A 2022 aka faɗaɗa hakan zuwa aji shida, a watan Nuwamban 2025 kuma ministan ilmi ya sanar da soke tsarin, aka koma Turanci. Duk wannan kai-komo bai taɓa shafar takardar jarrabawa ba, da Turanci take fitowa. Saboda haka shawararmu ga masu koyarwa ita ce, duk tambayar da yaro ya faɗi, a karanta masa ita da Hausa kafin a yanke hukunci. In ya amsa daidai, an san ciwon na Turanci ne, sai a sa shi ya buɗe shafi a littafinsa yana tara kalmomin lissafi da ma'anarsu. Ba su da yawa. 'Yan kalmomi ne ke ta dawowa shekara da shekaru.

Maganar lokaci kuma, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka saba gani shi ne a tara 'yan aji shida saura mako uku, a yi ta yi musu ɗura safe da yamma. Mafi yawan abin da jarrabawar ke tambaya kuwa a aji huɗu da biyar ake aza harsashinsa. Yaron da bai haddace jadawalin sau ba har zuwa sha biyu, zai ɓata minti biyu yana zana sanduna a gefen takarda a kan tambayar da abokinsa ya gama cikin daƙiƙa ashirin. Don haka muke roƙon a fara da 'yan aji huɗu, kaɗan-kaɗan: tambayoyi goma sha biyar zuwa ashirin a mako, a cakuɗa su, tarawa da rabawa da awo da kuɗi a takarda ɗaya kamar yadda za su zo a jarrabawa, kuma a riƙa dawo da abin da aka yi wata biyu baya. Kada kuma a raba yaran bisa ajinsu kawai. Wata ƙungiya a ƙasar Indiya mai suna Pratham ta fito da tsarin fara gwada yaro a ga inda ya tsaya, sannan a haɗa shi da sa'o'insa a fahimta, an kuma gwada tsarin a Borno da wasu jihohin Arewa. Ɗan aji shida da bai iya ɗebewa ba, babu abin kunya in ya zauna da 'yan aji huɗu na wata guda.

Ita kanta takardar amsa darasi ce mai zaman kanta. Akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da za su ga irinta. Wani ya yi alamar maki maimakon ya cike gurbi, wani ya cike biyu a layi ɗaya, wani ya tsallake tambaya ta 7 bai tsallake layinta ba, duk amsoshin da suka biyo baya suka goce. Fotokwafin wannan takarda ba shi da tsada. A zangon ƙarshe muna so a yi wa 'yan aji shida cikakkiyar jarrabawar gwaji aƙalla sau uku, da agogo a gaba, da fensir HB da magogi, babu mai leƙa na wani, a kuma koya musu cewa tambayar da ta yi tauri a wuce ta a dawo daga baya. A nan za mu yi wata magana, kuma muna neman afuwar duk wanda ta sosa. Malamin da zai shiga ɗakin jarrabawa ya rubuta wa yara amsa a allo, ko uban da zai biya a yi hakan, ba taimakon garin nan yake yi ba, kuma kwamiti ba zai sa kwabon ƙungiya a duk cibiyar da aka samu da wannan ɗabi'a ba.

To ina namu aikin, mu mazauna birni? Ba mu ne za mu tsaya gaban allo ba, malamanmu na gida su ne masu aikin, kuma sun fi mu sanin yaran. Abin da ya gagare su shi ne dubawa. Malamin da ke da aji cike maƙil ba zai iya bin takardar kowane yaro layi-layi ba, ga shi kuma albashi ba ya kai shi ƙarshen wata. Abin da kwamiti ke gabatar wa taro shi ne kowane reshe ya ɗauki makarantar firamare guda a ƙasar hakimi, ya ɗauki nauyin ajin ranar Asabar na awa biyu: ɗan alawus ga malamai biyu, kuɗin takarda da fotokwafi, da kuɗin rajistar jarrabawa ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, musamman mata, waɗanda su ne aka fi bari a baya idan kuɗi ya yi ƙaranci a gida. 'Ya'yanmu da ke kwalejojin ilmi da jami'o'i kuma, in sun zo hutu, su ba da safiyar Asabar wajen duba takardu. Kowace makaranta za ta ajiye littafi guda da za a riƙa rubuta sunan yaro da irin kuskuren da yake yi, ba makinsa kaɗai ba, kuma wannan littafi shi wakilin reshe zai nema ya gani duk ƙarshen zango. Haka kuma, da yake rajistar jarrabawar ƙasa ta intanet ake yi, muna buƙatar mutum guda a kowane reshe da zai riƙa bibiyar sanarwar NECO da ta ma'aikatar ilmi, ya sanar da hedimastoci ranakun buɗewa da rufewa da duk wani canji da aka yi wa tsarin.

Iyaye mata da ke wannan zaure, ku ma akwai naku. Ba sai uwa ta yi boko ba kafin ta tambayi ɗanta bakwai sau takwas yayin da take tuƙa tuwo, ko ta aike shi kanti ta ce ya faɗi canjin kafin ya fita.

Sakataren kwamiti yana bakin ƙofa da jerin makarantun firamare na ƙasar nan. Muna roƙon shugabannin rassa su tsaya wurinsa kafin a tashi, kowa ya sa hannu a gaban makarantar da ya ɗauka, domin muna so ajin Asabar ya fara a mako na biyu bayan an koma hutu.