Ƙaba, Baka Da 'Yan'uwa: Jawabin Wani Ɗan Ajin 1979 A Taron Shekara



Mai girma Shugaban taro, Shugaban Ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu malamai waɗanda Allah Ya ja kwanansu har suka ga furfurarmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi wa kowa barka da zuwa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙan su, Ya kyautata tamu bayan tasu.

Bayan haka, Sakatare ya rubuto mini cewa in zo in faɗa wa jama'a dalilin da ya hana ni halartar taron da ya wuce, tun da ban taɓa fashi ba. Ya ba ni minti goma sha biyar. To, Malam Sakatare, a riƙe agogo da sauƙi, don maharbi ba ya ba da labari a gurguje.

Yawancinku kun san ni da danƙo a bayan ɗakin kwana, ina bin kurciya, har wani firifet ya sa ni noman filin ƙwallo kwana uku. Abin da wasu ba su sani ba shi ne gado na yi. Kakana ɗan baka ne, mahaifina ma haka. Da na yi ritaya daga aikin gona na gwamnati na koma gida a ƙasar Bauchi, sai na koma cikin mafarautan garinmu sosai. A cikinsu akwai masu bindigar toka, akwai masu karnuka da gora, mu 'yan baka kuwa ba mu fi goma sha biyu ba, kuma duk mun manyanta.

Bari in ɗan yi bayanin sana'ar, don abin da zai biyo baya ya fito fili. Lokacin farauta yana kamawa ne bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, ruwa ya janye ya koma 'yan tafkuna, ya ci gaba har faɗuwar damina. Da damina ba a fita, don ciyawa ta rufe sawu, ga aikin gona, namun daji kuma suna da 'ya'ya. Ke nan wata huɗu ne ko biyar a shekara, wanda ya rasa su ya rasa shekarar. Kibiyarmu kyauro ce da ƙarfe mai kunne a baki, ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin wadda kuke gani a silima, saboda haka ba ta nisa. Dole ka matsa kusa, taki ashirin ko talatin, iska na busowa daga wajen naman zuwa gare ka. Wannan ne ya sa magabata suka ƙirƙiro burtu: mutum ya ɗaura kan tsuntsun a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana kiwo kamar shi har ya iso. Dafin kuwa da 'ya'yan kwankwani ake haɗa shi, kuma zuciya yake kamawa. Malaminmu na kimiyyar halittu, ga shi can zaune, Allah Ya ƙara masa lafiya, shi ya fara gaya mini cewa daga dangin wannan tsiro ne wani likitan Sikotlan, Thomas Fraser, ya fitar da maganin ciwon zuciya a 1885. Na kai wa mahaifina labari a hutu, ya ce ashe Turawa ma sun gano.

Kada wani ya tafi da zaton muna shiga gandun gwamnati. Yankari tun 1956 aka keɓe ta, kuma dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar soja mai lamba 11 ta 1985 sun hana taɓa dabbobi da yawa. Namu dai gada ce, da zomo, da zabon daji, da fakara, da gafiya, jefi-jefi mugun dawa in ya dami masu rogo. Gwanki da kanki da kakana yake ba da labari, ni a gandu kawai na gan su. Manyan dazuzzuka kuma rashin tsaro ya raba mu da su.

To, abin da ya faru ke nan. Ina da ƙaba. Na faɗa a bainar jama'a, masu dariya a baya su yi su gama, don likitoci sun ce kusan namiji ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a rayuwarsa, in kuwa haka ne, a wannan zaure ba ni kaɗai ba ne. Likita ya riga ya duba ni, ya sa mini ranar aiki a watan Janairu na 2025. Ita kuwa ba ta jira ba. A makon farko na Disamba 2024, saura kwana huɗu a yi fitar farko, hunturu ya sa ni tari. Cikin dare na yi wani tari mai ƙarfi, sai kumburin ya fito ya ƙi komawa. Ya yi tauri kamar dutse, ga azaba, ga amai. Daga baya likita ya bayyana mini cewa hanji ne ya leƙo ta wata kafa a bangon ciki, kafar ta shaƙe shi, jini ya daina isa gare shi, kuma in aka ɗauki sa'o'i kamar shida a haka, hanjin yakan fara mutuwa.

'Ya'yana maza duk suna birni. Uwargida ta aiki jikanmu gidan Sarkin Baka. Jama'a, ƙarfe ɗayan dare mutumin nan ya fito ƙofar gidansa ya busa ƙahon da ake tara mu da shi ranar fita. Kafin a yi haka, mutum ya fi ashirin a ƙofar gidana, wasu har da kwari a kafaɗa, sun zaci ɓarayin shanu ne. Ɗan wani daga cikinmu yana da a-kori-kura. Aka shimfiɗa katifa a baya, aka ɗora ni, mutum bakwai suka hau, muka kama hanyar babban asibiti, tafiyar kilomita arba'in.

Kun dai san yadda asibiti yake a zamanin nan. Kafin a taɓa ka sai an sayo safar hannu, da zare, da ruwan ƙari, da allurai, a kuma ajiye jini ko da za a bukata. Nan na ga amfanin wani tsohon akwatin ƙarfe da ke ɗakin Sarkin Baka. A ƙa'idarmu, duk naman da aka sayar ana cire wani abu a jefa ciki, ba a taɓa shi sai don ciwo ko mutuwa ko karayar wani a daji. Da akwatin ya taho a hammata. Ya buɗe shi a gaban mai karɓar kuɗi, ya ƙirga Naira 180,000. Mutum bakwai ɗin nan kuma duk suka miƙa hannu, aka gwada, aka ɗebi jinin biyu. Kafin kiran assalatu an shiga da ni. Allah Ya taimaka, hanjin bai mutu ba, aka mayar da shi aka ɗinke kafar.

Kwana shida na yi a gado, kullum da mutum biyu a kaina, suna karɓa-karɓa. Ranar sallama likita ya kafa mini dokoki: mako shida ban da ɗaukar abin da ya fi butar alwala nauyi, ban da yunƙuri a bayan gida, in tari ya zo in danna matashi a wurin ɗinkin, in riƙa ɗan tattaki kullum. Na ce, "Likita, baka fa?" Ya tambaye ni yadda ake jan sa. Na nuna masa. Ya ce duk wanda ya ja tsirkiya sai ya riƙe numfashi ya ɗaure ciki, ƙarfin kuwa kan ɗinkin zai sauka, saboda haka wata uku. Na lissafa, wata uku ya kai ni farkon Maris, a farkon Maris ɗin 2025 kuma azumi zai kama. Shekara ta tafi ke nan.

Da na dawo gida na tarar an yi mini gayya. Dawata da na bari a tsaye an yanke, an ɗaure, dami arba'in da uku, an zuba a rumbu. Ga itace an jibge a tsakar gida saboda sanyi. Na tarar kuma babu bakana a inda nake rataye shi. Na tambaya, aka ce Sarkin Baka ya zo ya kwance tsirkiyar da hannunsa ya tafi da shi. Da ya zo duba ni na yi masa ƙorafi, ya ce, "Malam, na san ka, na san mahaifinka. Kwarin na bar maka ka riƙa kallo."

Akwai wata 'yar gardama da ya kamata in ambata. Wani dattijo a cikinmu, masanin itatuwa ne na gaske, na sha ganin ya yi wa mutane maganin harbin kunama da targaɗe, ya kawo garin magani a barbaɗa a kan ɗinkin. Na ce masa, "Baba, likita ya hana a sa komai a wurin." Ransa ya ɓaci, har ya ce boko ya raba ni da gado. Sarkin Baka ne ya raba mu. Ya ce wanda ya yanka shi ke da ɗinki, in an warware zare wurin ya kame, Baba ya kawo abin da zai kawo. A ganina wannan hukunci ya fi na alƙalai da yawa, don ciwon da aka buɗe da wuƙar asibiti ba ya son komai sai tsabta, kuma dattijon bai tashi da kunya ba.

Nama kuwa bai yanke ba. Duk fitar da aka yi sai an kawo mini kasona kamar na je: yau cinyar gada, gobe zabi biyu. Uwargida ta yi ta romo, ta haɗa mini da zogale da gwanda saboda dokar likita. Amma in gaya muku gaskiya, ba ciwon ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne asubahin ranar fita, in ji ganga da ƙaho da haushin karnuka sun bi ta bayan katangata, sautin yana raguwa har ya ɓace, ni kuwa ina kwance da matashi a ciki. Mutumin da ya saba a ce da shi "taho", ranar da aka fara ce masa "zauna ka huta", wani abu yakan karye masa wanda likita ba ya gani. Abinci ya fara fita raina, na rage magana.

Su suka lura, ban gaya wa kowa ba. Wata ranar Juma'a sai ga yara da ɗaurin kyauro da jijiya da kibau daga maƙera, wai Sarkin Baka ya ce tun da hannuna lafiya yake, ni zan ɗaura wa kowa kibiya bana. Aka kuma turo mini samari huɗu in koya musu. Daɗin daɗawa, aka mayar da zaurena wurin shari'a. A al'adarmu nama na wanda ya fara sa masa kibiya ne, ko da wani ya ƙarasa, kuma kowa yana da alamarsa a jikin kyauro. In aka yi jayayya sai a kawo naman gabana, in duba raunin, in duba alama, in yanke. Na sayi littafi na fara rubuta abin da aka samu a kowace fita da abin da ya shiga akwati, abin da ba a taɓa yi ba. A taƙaice, ban taka daji ba ko sau ɗaya, amma ba a yi wata fita da ba ni a ciki ba. Bayan ƙaramar Sallah likita ya sake dubawa ya ce wuri ya kame, aka dawo mini da bakana da sabuwar tsirkiya.

Yanzu bari in juyo gare mu. Ina godiya ga 'yan ajinmu uku da suka yi tattaki har gida, da waɗanda suka aiko da kuɗi, Allah Ya saka da alheri. Amma labarin bai shiga dandalinmu na WhatsApp ba sai bayan kwana tara, kuma ba laifin kowa ba ne, tsarinmu ne haka. Asusun jin daɗinmu ba ya buɗuwa sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa sau huɗu yake zama a shekara. Hanjin da ya shaƙe sa'a shida gare shi. Ƙaraminmu a ajin 1979 ya ba sittin baya, da yawa 'ya'ya sun watse, kuma ba kowa ne yake da Sarkin Baka a unguwarsu ba. Akwai wanda yake gidan haya a birni, maƙwabcinsa bai san sunansa ba. Malamanmu da suka girme mu fa, wa ke busa musu ƙaho?

Saboda haka ina roƙon Shugaba ya sa a tattauna wannan kafin a tashi: a ware wani kaso na asusu ya zama na gaggawa, wanda Ma'aji da mutum ɗaya za su iya fitarwa a daren da aka bukata, a yi bayani daga baya. A kuma naɗa wakili a kowane gari da muke da mutum biyar, wanda iyalinmu suka san lambarsa, ba mu kaɗai ba, don mai ciwo ba shi ke buga waya ba. In an sallami mutum kuma kada a tsaya ga "Allah Ya ƙara sauƙi". A nemo masa wani aikin ƙungiya da zai iya daga zaune, ko duba rubutun mujallar nan ne, ko tattara sunayen 'yan ajinsu.

Ga masu irin lalurata kuma, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Je ka a duba ka, aikin da aka shirya shi ya fi na tsakar dare sauƙi da arha. In kuwa kumburin ya ƙi komawa, ya yi tauri, ga zafi ga amai, to kada a jira gari ya waye, kada a tsaya jiƙo.

Ga takarda nan tana zagayawa. Kowa ya rubuta sunansa, da garin da yake zaune, da rukunin jininsa, da lambar wani na gida. Wanda bai san rukunin jininsa ba, likitocin cikinmu sun ce za su tsaya a bakin ƙofa bayan an ci abinci. Akwai kuma ƙullin bandar zabi da na taho da shi, na teburin malamai ne, 'yan ajinmu kada in ga hannun kowa a ciki.

Malam Sakatare, na ga kana nuna mini agogo.