Taga a Bayan Murhu: Kafin Ku Kwaikwayi Hoton Instagram, Ku Saurari Wannan

 Ga waɗanda datarsu ba za ta kai su saurara ba, ga shi mun rubuta muku kamar yadda muka saba.

Yau kicin za mu shiga. Na san wani zai ce mun bar maganar aikin yi da kuɗin makaranta mun koma maganar girki. Ku ɗan yi haƙuri ku ji, domin maganar ta shafi huhunku da kuɗin hayar da kuke biya.

Akwai wani yayi da ke yawo a Instagram da TikTok. Za ku ga kicin na Turai ko Ostireliya, maimakon a manna tayil a bangon da ke bayan murhu da wurin wanke-wanke, sai a sa doguwar taga ta gilashi daga wannan gefe zuwa wancan. Mai girki na juya miya tana kallon lambu, haske ya cika ko'ina. Abin da kyau, ba ƙarya. Yanzu matasan da suka fara ɗan gini a Bomo da Basawa da Palladan, da amaren da ake gyara wa gida, sun fara nuna wa birkila irin wannan hoto suna cewa haka suke so.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: a Zariya kicin na buƙatar taga fiye da yadda yake buƙatar tayil. Sai dai tagar ta zama mai buɗewa, kuma a san inda za a sa ta. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko, mene ne aikin bangon nan na bayan murhu? Shi ke karɓar duk abin da tukunya ta tofar. Man gyaɗa idan ana suyar awara ko ƙosai, manja, jajjagen tumatir da attaruhu idan ya fara tsalle, ruwan sabulu a wurin wanke-wanke. Fenti ba ya jure wannan, shi ya sa ake sa tayil. Gilashi kuwa ya fi tayil sauƙin gogewa, tunda ba shi da layukan siminti da maiƙo ke maƙalewa a ciki har su yi baƙi. A wannan fannin masu hoton sun yi gaskiya.

Amma ku lura da abin da hoton bai nuna ba. Yawancin waɗannan tagogi a kafe suke, ba sa buɗewa. Iskar kicin ɗin ba ta nan take fita ba. A saman murhun akwai na'urar zuƙe hayaƙi da ke aiki da lantarki, kuma can wuta ba ta ɗaukewa. A Ingila ma ƙa'idar gini ce ta tilasta a sa wa sabon kicin hanyar zuƙe tururi da hayaƙi. Sau da yawa kuma murhun na lantarki ne, babu harshen wuta ko kaɗan. To mu fa? Wanda ke Samaru ya san sau nawa ake kawo wuta a rana. Idan ka kafe gilashi ka dogara da fanka, ranar da babu wuta ka rufe kanka da hayaƙi ke nan.

Hayaƙin nan kuma ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi da kalanzir take, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Mata da ƙananan yara abin ya fi shafa, domin su ke daɗewa a gindin murhu. Ciwon huhu, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, duk suna cikin lissafin. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai fara jin ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka gajiya ce ko zazzaɓi ne ke shirin kama shi, ya kwanta. Wasu daga wannan kwanciyar ba su tashi ba. Ko gas ɗin da muke ganin tsafta ne, shi ma yana fitar da iskar da ke tayar wa masu asma ciwo idan ba ta da mafita.

Ku tuna kuma tun daga 2023 da rayuwa ta ƙara tsada, kilon gas ya haura naira dubu, gidaje da yawa sun koma kurfoti da gawayi. Kicin ɗin da aka gina da tunanin gas, yau gawayi ake hurawa a ciki.

Iyayenmu ba su da wannan matsalar sosai, saboda tsarin gidan Bahaushe ya riga ya warware ta. A cikin birnin Zariya murhu a tsakar gida yake, ko a madafa mai buɗaɗɗen gaba, hayaƙi ya tashi ya bi iska. Sabon Gari kuwa, da aka kafa a farkon zamanin Turawa, lokacin da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ya zo da wani tsari daban: ɗakunan haya a jere suna kallon juna, siririn lungu a tsakiya, kicin ɗaya na kowa da kowa a baya. Idan kicin ɗin ya cika, sai kowa ya ajiye rishonsa a bakin ƙofa. Samaru ta bunƙasa ne da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, kuma da ɗalibai suka fi ƙarfin ɗakunan kwanan makaranta, sai masu filaye a Hayin Dogo da Danraka da Dogon Icce suka shiga gina ɗakunan haya. Yanzu abin da ake yayi shi ne ɗaki mai banɗaki da kicin a ciki.

Na shiga irin waɗannan ɗakuna da yawa lokacin ina ɗalibi, har yanzu ma ina shiga idan na je wajen ƙannena da abokai. Abin da ake kira kicin a wasu, wallahi wani ɗan loko ne da aka yanka daga jikin banɗaki, mutum ɗaya ma da ƙyar ya juya. Babu taga, ko kuma akwai wata 'yar kafa can sama da ke kallon katangar maƙwabci. Ka ɗaga kai ka ga silin ya yi baƙi, bango na naso. Kuma an ƙara kuɗin haya saboda wai akwai kicin. Duk wannan a garin da ke da ɗaya daga cikin tsofaffin sassan koyar da zanen gine-gine a Najeriya. Ilimin na nan cikin jami'a, amma bai tsallaka titin Sakkwato ya shiga unguwa ba.

To yanzu ga mai gini ko mai gyara, a ina za a sa tagar?

Bayan wurin wanke-wanke, nan ne wurinta na asali. Za ka ga dattin kwano da kyau ba sai an kunna fitila ba, danshi ya samu hanyar fita, ruwan da ya fantsama a gilashi kuma tsumma ɗaya ya ishe shi. Teburin kicin yawanci tsayinsa kamar santimita 90 ne daga ƙasa. A ɗaga bakin tagar sama da shi kaɗan, a sa layi ɗaya na tayil a tsakani, don kada ruwa ya riƙa kwanciya a gindin firam, kuma kan famfo kada ya hana tagar buɗewa.

Daidai bayan murhun gas kuwa, a nan nake cewa a yi hattara, saboda dalilai huɗu.

Na ɗaya, iska. Idan tagar na buɗe, iskar hunturu ko guguwar da ke zuwa gabanin ruwan sama tana iya hure wutar, musamman idan an rage ta ana turara shinkafa. Wuta ta mutu, gas na ci gaba da fita, ke kuma kina ɗaki kina danna waya. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka tagar da ke sama ba lallai ta fitar da shi ba. Kin dawo kin ƙyasta ashana, sai dai Allah ya kiyaye.

Na biyu, zafi. Gilashin da aka saba sa wa tagogi, idan gefe ɗaya ya yi zafi ɗayan kuma da sanyi, tsagewa yake yi, kuma idan ya fashe yana fitar da manyan ɓaraguzai masu kaifi kamar wuƙa. Wanda ake sawa a bayan murhu wani ne daban, wanda aka gasa a masana'anta aka sanyaya shi da sauri. Ya ninka na gama-gari ƙarfi kamar sau huɗu, yawanci mai kaurin milimita 6 ake amfani da shi, kuma idan ya fashe sai ya zama ƙananan tsakuwa. Ga abin da za ku riƙe idan kun je wajen masu gilashi a Sabon Gari: irin wannan gilashi ba ya yankuwa bayan an gasa shi. Awo ake ɗauka a aika a yi shi daidai girman wurin. Duk wanda ya ce maka shi ne, sannan ya ɗauko abin yanka ya yanka maka a gabanka, to ba shi ba ne.

Na uku, abubuwan da ke jikin tagarmu. Tagar cikin hoto gilashi ne zalla. Tamu kuwa sai da ƙarafen tsaro saboda ɓarayi, da ragar sauro, wani lokaci har da labule. Maiƙo ya hau raga, ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai, cikin wata biyu ta toshe, iskar ma ta daina wucewa. Ragar roba narkewa take yi, labule kuma kusa da harshen wuta kowa ya san ƙarshensa. Taga mai falle-fallen gilashi ita ma wahalar gogewa gare ta, kowane falle sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Na huɗu, hannunka. Duk lokacin da za ka buɗe ko ka rufe tagar, sai ka miƙa hannu ta saman tukunya mai tafasa. Ga masu hijabi da masu babbar riga, wannan kaɗai ya isa dalili.

Shawarata ita ce murhu ya zauna a gefen taga, a bar tazarar da ba ta gaza santimita 30 zuwa 50 ba. Bayan murhun a sa tayil ko farantin ƙarfe mara tsatsa. Idan dai ranka ya kafe a kan gilashi a wurin, to ƙasan ya zama kafaffe na gasasshen gilashi, ɓangaren da ke buɗewa ya koma sama ko gefe. A bar wata kafa a ƙasa, ko tazara a ƙarƙashin ƙofa, don iska ta shigo ta nan ta fita ta can, kuma gas idan ya zuba ya samu hanyar fita. Silindar ma idan da hali a ajiye ta waje a inuwa, a ja tiyo ta bango.

Abu biyu kuma da suka shafi garinmu. A nan ruwan sama da iskarsa galibi daga gabas suke bugowa, magina na gargajiya sun san bangon gabas shi ke shan wahala. Idan tagar kicin na kallon gabas, a yi mata 'yar rumfa a sama. Sannan sirri: ba kowace mace ce za ta so maƙwabci ko mai wucewa ya riƙa kallonta tana girki ba. Maganin wannan shi ne gilashi mai hazo-hazo a ƙasa, haske ya shigo, ido bai shigo ba, ba sai an rataya labule ba.

Na san mafi yawanku ba gini kuke yi ba, haya kuke nema. To ku ma kuna da abin yi. Idan ejan ya kai ku duba ɗaki, kada ku tsaya kan tayil da fenti kawai. Ku shiga kicin ku rufe ƙofa ku tsaya minti ɗaya. Akwai taga? Tana buɗewa, ko tsatsa da fenti sun kafe ta? Waje take kallo ko wani lungun da ba iska? Ku ɗaga kai ku dubi silin, baƙin da ke wurin zai gaya muku yadda wanda ya tashi ya sha. Idan babu taga, ku faɗa wa mai gidan cikin ladabi: "Baba, ko Alhaji, ɗakin ya yi mana, amma a fasa mana taga a kicin kafin mu biya, ko a cire kuɗin aikin daga haya." Fasa bulo kaɗan da sa firam aikin yini ɗaya ne ga birkila da mai walda. Mutum ɗaya idan ya faɗa za a ce ya cika iyayi, amma idan ɗalibai goma suka faɗa a mako guda, masu gida za su fara ji. Ƙungiyoyin ɗalibai da ke zama da masu gidaje kan kuɗin haya, ku sa wannan a jerin buƙatunku. Hukumar KASUPDA kuma, da ke duba zanen gini a jihar Kaduna, muna roƙo a riƙa duba tagar kicin a ɗakunan haya kamar yadda ake duba iyakar fili.

Kafin a samu gyara, ga abin da ba ya cin ko kwabo. Kada a hura gawayi a rufaffen ɗaki, ko don girki ko don ɗumi lokacin sanyi. A buɗe ƙofa duk lokacin da wuta ke kunne. Harshen gas ya zama shuɗi, idan ya koma rawaya a goge kan murhun. A rufe silinda daga kanta bayan an gama. Idan an ji warin gas, kada a taɓa makunnin lantarki, a buɗe ƙofa a fita. Idan mai ya kama wuta a kasko, a kashe murhu a rufe shi da murfi, kada a kuskura a zuba ruwa.

Ku tura wa wanda kuka san yana gini, da amaryar da ake shirya wa kicin, da ƙaninku da ya samu gurbin karatu yana neman ɗaki a Samaru. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba mu gidajen kanmu masu iska da haske. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, wassalamu alaikum.