Babban Yatsa Da Tsirkiya: Gwanayena A Jitar Bes

 Yau daga ɗakina na Zawaciki nake magana, in kun ji ƙarar tirela ku yi haƙuri, masu ɗauko kaya ne daga Challawa.

Wani ƙanenmu ya turo tambaya: su waye gwanayena a jitar bes a kiɗan metal, kuma yana son koyon silaf, ta ina zai fara? To ƙanena, kafin na ba ka amsa, bari ka ji kunyar da na sha.

Bara ne na sayi bes ta hannu a Sabon Gari, bayan wata takwas ina tsimi daga albashina na kamfani a Sharaɗa. Na yi wata uku ina dukan tsirkiya, babban yatsana ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Sai wani abokina ya kai ni wani situdiyo a Titin Gidan Zoo, za a saka bes a wata waƙa. Na zage na zuba duk abin da na iya. Furodusa ya saurara ya ce, "Malam, hannunka da sauri, amma kana gabas ganga tana yamma." Ya juya kan fiyanonsa, cikin minti biyar ya buga abin da na kasa a awa biyu. Wallahi har Adaidaita ta sauke ni a gida ban ce uffan ba.

Daga baya na gane inda na yi kuskure, kuma tarihin silaf ɗin ne ya nuna min. Larry Graham, baƙar fata ɗan Amurka, shi ake jingina wa salon a bes mai lantarki. Yana saurayi yana kiɗa da mahaifiyarsa a California, ba su da mai ganga. Sai ya riƙa dukan tsirkiya mai kauri da gefen babban yatsa a madadin babbar ganga, yana fizgar siririyar da manuniya a madadin ƙaramar. Duniya ta ji abin sosai a waƙar "Thank You" ta Sly and the Family Stone a 1969. Ka ga ashe tun asali mai silaf makaɗin ganga ne. Ni kuwa na ɗauke shi wasan burgewa.

A metal abin ya fi tsanani. Jitoci suna ruri, sun cika ko'ina, bes ta kan nutse a ƙarƙashinsu. Silaf yana sa tsirkiya ta bugi ƙarafan wuyan jitar, ta ba da wani ƙas-ƙas mai ratsa rurin. Daɗinsa ke nan, haɗarinsa ke nan: in ka saɓa da ƙafar mai ganga ko da ƙiris, kowa sai ya ji.

Yanzu gwanayena. Na farko Robert Trujillo. Da yawa a Metallica suka san shi, inda ya shiga a 2003, amma in silaf kake nema koma baya ka saurari Suicidal Tendencies da Infectious Grooves. Abin da ya sa na sa shi gaba, ya iya abin, amma da ya zo inda waƙa ba ta buƙata sai ya rage shi.

Na biyu Fieldy na Korn. Tun albam ɗinsu na farko a 1994 yake amfani da bes mai tsirkiya biyar, a sassauce, har wani lokaci ba ka jin sautin sai ƙas-ƙas ɗin kawai. Wasu na cewa wannan ba kiɗan bes ba ne. Ni dai a ganina shi ya fi kowa kusa da manufar Graham.

Na uku Ryan Martinie na Mudvayne. Nemi "Dig" a albam ɗin L.D. 50 na 2000, ka sa abin kunne. Kada ka ce za ka kwaikwaye shi a watan farko, za ka tsani kanka.

Akwai biyun da ba da silaf aka san su ba, amma ba zan tsallake su ba. Steve Harris, wanda ya kafa Iron Maiden a 1975, da yatsa biyu yake wani bugu kamar sukuwar dawakai ranar Hawan Daushe. Sai Cliff Burton na Metallica, wanda ya rasu a haɗarin mota a Suwidin a 1986 yana ɗan shekara 24.

Mu fa kunnenmu ba baƙo ba ne a nan. Mun tashi da kalangu a gidan biki. Marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak a kuntigi ya riƙe ƙasa shekara da shekaru, saboda bugunsa ba ya kuskure lokaci.

Don haka ƙanena, sauke manhajar ƙirga bugu a wayarka, saita ta a 60 a minti. Sati biyu, babban yatsa kawai, a kan tsirkiya mai kauri. Daga wuyan hannu za ka juya, kamar mai murɗa makulli, yatsan ya taɓa ya dawo nan take. Ɗaya hannun kuma ya danne sauran tsirkiyoyin su yi shiru. Ko an ɗauke wuta ba ka da uzuri, wannan atisayen ba ya buƙatar sifika.

Ni ma a nan nake har yanzu, na kai 80. Furodusan nan ya ce na dawo bayan Sallah, kuma zan koma. Duk yadda ta kaya, za ku ji a nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.